Tun ran gini, ran zane: asirin manhajar da ke kai rahoton lafiyar Tasawa da Mayahi zuwa Yamai

Ma'aikatu da ƴan kasuwar ƙasar nan suna ƙara dogara ga manhajojin kwamfuta da na salula, alhali kuwa kaɗan ne ke tambayar da me aka gina su, wa ke kula da su, kuma me zai faru ranar da suka tsaya. Labarin manhajar da ke tattara alƙaluman kiwon lafiya na gundumomin Tasawa da Mayahi ya isa ya nuna cewa samun manhaja kyauta ba ya ɗauke wa kowa nauyin kula da ita.

Daga littafin rajista zuwa ofishin minista

Duk ƙarshen wata, a gidajen likita na karkara waɗanda aka fi sani da CSI, tun daga Korgom, Urafan da Maijirgi cikin gundumar Tasawa har zuwa Kanambakashe, Isawan da Cake cikin gundumar Mayahi, majo da mataimakansa sukan baje manyan littattafan rajista su shiga lissafi. Yara nawa aka gwada aka tarar da masassarar cizon sauro a jininsu, mata nawa suka zo awon ciki, allurar rigakafi nawa aka yi, yara nawa tamowa ta kama, magani nawa ya saura cikin kabad. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, kowace ɗaya daga cikin gundumomin nan biyu ta haura mutum dubu 500, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Da waɗannan alƙaluma ne hukumar lafiya ta gunduma, da ta jiha a Maraɗi, da ofishin minista a Yamai suke sanin inda za a tura magani kafin masassara ta yi ƙamari tsakanin Agusta da Oktoba, da kuma inda ƙyanda ko sanƙarau suka soma ɓulla. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba sa bukatar a gaya musu abin da jinkirin labari da jinkirin agaji ke jawowa.

A da, takarda ce ke yin wannan doguwar tafiya, bisa babur ko cikin motar kasuwa, ana sake kwafe ta da hannu a kowane zango, kuma kowane kwafi ƙofa ce ta kuskure. Tun wajen shekarar 2017 ma'aikatar kiwon lafiya ta koma aiki da wata manhaja mai suna DHIS2. Ana shigar da alƙaluman cikin kwamfuta, su faɗa cikin babbar na'ura guda, inda duk mai izini zai iya ganin su nan take, ko yana Maraɗi ko yana Yamai. Tarayyar Najeriya ma da ita take aiki, haka nan ƙasashe sama da 70 na duniya.

Asalin wannan manhaja daga Afirka ta Kudu ne, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, lokacin da masana na Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe suka haɗa kai da takwarorinsu na birnin Kap domin bai wa kowace gunduma ikon riƙe alƙalumanta. An fara gwada sabon samfurinta, wato DHIS2, a jihar Kerala ta Indiya a 2006, kuma a 2011 Kenya ta shimfiɗa shi a duk faɗin ƙasarta ta hanyar intanet. Har yanzu Jami'ar Oslo ce ke jagorancin rubuta ta.

Abin da ya sa ƙasashe marasa ƙarfi suka rungume ta shi ne buɗaɗɗiya ce. Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato jerin umarnin da mutane suka rubuta wa na'ura. Kamfanoni da yawa sukan ɓoye wannan rubutu su sayar da izinin amfani kawai, kamar mai magani da ke sayar da ƙulli ya riƙe sunan itacen. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, kowa na da ikon karanta rubutunta, ya kwafa, ya gyara, ya miƙa wa wani, ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya ɗaga tutar wannan ra'ayi a 1983, sa'an nan a 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. Duk salular Android da ake sayarwa a kasuwar Tasawa, bisa Linux aka gina ta.

Tubalan aro

To amma fa ga inda gizo ke saƙa. Babu mai rubuta babbar manhaja shi kaɗai tun daga tushe. Kamar yadda magini ke sayen bulo wurin masu bugawa, ƙofa wurin maƙeri, kwano kuma a kanti, haka mai rubuta manhaja ke ɗauko ƙananan guntaye waɗanda wasu suka riga suka rubuta: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na ɓoye saƙo kada baƙo ya karanta, wani kuma na zana taswira. Masana na kiran su da sunan da ke nufin ɗakin littattafai, amma tubali ya fi dacewa da aikin da suke yi. Da harshen na'ura mai suna Java aka rubuta cibiyar DHIS2, tana ajiye alƙalumanta cikin wata buɗaɗɗiyar ma'ajiya mai suna PostgreSQL, kuma tana tsaye bisa tubala masu yawan gaske waɗanda ba a Oslo aka buga su ba.

Bugu da ƙari, kowane tubali yana da nasa tubalan da ya ara. Ƴan kasuwa sun san irin wannan sarƙa: mai tebur a Tasawa ya ɗauki kaya bashi wurin babban ɗan kasuwa na Maraɗi, shi kuma ya karɓo daga wani a Kano ko Kwatano, wancan kuma daga wani a hayin teku. Mai tebur ya san na farko, mai yiwuwa ya ji sunan na biyu, amma na uku da na huɗu bai san da zamansu ba, alhali in ɗayansu ya karye, har tebur ɗinsa girgizar za ta iso.

Haka ta faru a watan Disamba na 2021. Akwai wani tubali mai suna Log4j, wanda aikinsa bai wuce na magatakarda ba: yana rubuta tarihin duk abin da manhaja ta yi da wanda ya shigo cikinta. Ƴan sa-kai kaɗan ne ke kula da shi a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Wani injiniyan kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya gano cewa tun 2013 akwai ɓaraka cikinsa: in mugu ya rubuta wasu ƴan kalmomi a gurbin da ake sa suna, magatakardan zai ɗauke su a matsayin umarni, ya je ya ɗauko shirin mugun ya kunna shi cikin babbar na'ura. Masu auna haɗarin irin wannan ɓaraka suka ba ta maki 10 bisa 10. Bankuna, ma'aikatu da manyan kamfanoni na duniya suka kwana a tsaye, domin Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

DHIS2 na cikin manhajojin da ke ɗauke da wannan tubali. Cikin ƴan kwanaki masu kula da ita a Oslo suka yi gargaɗi, suka fitar da bugun da aka yi wa faci. Sai dai facin da aka yanka a Oslo ba ya liƙa kansa a babbar na'urar wata ƙasa. Dole a sami ma'aikaci a can wanda ya ga gargaɗin, ya fahimce shi, yana da mabuɗin na'urar, kuma ya san yadda zai sauya bugu ba tare da ya zubar da alƙaluman shekaru ba. Abin lura kuma shi ne, a wancan makon, ma'aikatun da ke riƙe da cikakken jerin tubalan da ke cikin manhajojinsu sun san matsayinsu nan da nan, waɗanda ba su da shi kuwa suka yi makonni suna lalube. Saboda haka ne dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2024 kan tsaron kayan na'ura ta ɗora wa masu ƙera su nauyin riƙe irin wannan jeri.

Magini da rumbunsa

Rubutun asali ba shi ne na'ura ke aiki da shi kai tsaye ba. Sai an juya shi zuwa abin da take fahimta, an haɗa shi da tubalan aro bi da bi, an ɗaure su wuri guda. Wannan aiki shi ake kira gini, kuma wata manhaja ce ta daban ke yin sa. Kakan irin waɗannan magina shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1976. Masu aiki da Java sun fi amfani da Maven, wanda ya fito a 2004, kuma da shi ake gina cibiyar DHIS2. Masu rubuta shafukan da mutum ke gani a fuskar kwamfuta kuwa suna ɗauko tubalansu daga wani rumbu mai suna npm. Yadda magini ke aiki shi ne: ya karanta takardar da ta jera tubalan da ake bukata, ya bi intanet zuwa rumbu ya ɗebo su, ya harhaɗa, ya gwada, sa'an nan ya fitar da manhaja a shirye.

Ranar 22 ga Maris na 2016 duniya ta ga raunin wannan tsari. Wani mai rubuta manhaja a Amurka, Azer Koçulu, ya sami saɓani da wani kamfani a kan sunan ɗaya daga cikin tubalansa, masu rumbun npm suka ba kamfanin gaskiya, shi kuma ya fusata ya kwashe tubalansa sama da 250. A cikinsu akwai wani mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, wanda ba ya komai sai cike gurbi a gefen hagu na rubutu, kamar yadda akawu ke mayar da 7 ta zama 007. Ashe manyan ayyuka da dubban ƙanana sun dogara gare shi ta hannu na uku ko na huɗu. Gini ya tsaya cak a ko'ina, sai da masu rumbun suka mayar da tubalin bayan ƴan sa'o'i.

Darasi biyu masana suka ɗauka. Na farko, a rubuta ainihin lambar bugun kowane tubali a kulle ta, kada a ce wa magini ya ɗauko duk wanda ya fi sabunta, domin abin da aka gina jiya ya yi aiki yana iya ƙin aiki yau ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Na biyu, a ajiye kwafin tubalan a rumbun gida. Wannan darasi ya fi shafar ƙasa irin Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku, kuma wayoyin intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta suke biyowa. Ranar 14 ga Maris na 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka yi kwanaki cikin ƙarancin intanet. Injiniyan da maginarsa ba ta iya aiki sai ta leƙa rumbun Amurka, a irin wannan rana ko ƙaramin gyara ba zai iya fitarwa ba. Manoman Mayahi da ke ajiye rumbun tsimi saboda shekarar da damina ta ƙi sun riga masu kwamfuta sanin wannan hikima.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wato a sa guba cikin ginin da gangan. Ranar 29 ga Maris na 2024, wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund, ɗaya daga cikin masu kula da PostgreSQL ɗin nan da DHIS2 ke ajiya a ciki, ya sanar da duniya abin da ya gano bayan ya lura cewa shiga wata na'urarsa na ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi sawu, sai ya tarar da ƙofar ɓarayi cikin wani tubali mai suna xz, wanda ke matse bayanai su rage girma, kuma kusan kowace na'urar Linux na ɗauke da shi. Mutum guda ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da shi a lokacin hutunsa ba tare da albashi ba. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taya shi aiki cikin ladabi har aka amince masa aka ba shi mabuɗi. Bai sa gubar a fili cikin rubutun asali inda kowa ke karantawa ba. Ya ɓoye ta cikin fayilolin gwaji, ya shirya umarnin gini yadda zai tono ta ya zuba lokacin harhaɗawa. An kama abin kafin ya bazu cikin manyan na'urorin duniya.

Ɗaya daga cikin magungunan irin wannan ha'inci shi ne abin da masu Debian, wani babban reshe na Linux, suka sa gaba tun 2013: a tsara gini yadda in mutum biyu da ba su san juna ba suka gina manhaja daga rubutu ɗaya, abin da zai fito ya zama iri ɗaya sak. In aka ga bambanci, an san akwai hannu a ciki. Mai sayen buhun gero da ke sake awo da tiyarsa ba zargin kowa yake yi ba, ciniki yake tsarewa.

Sauran aikin magini shi ne gwaji. Masu aiki da tsari sukan rubuta ɗaruruwan tambayoyi da na'ura za ta yi wa manhaja duk lokacin da aka taɓa ta, in ta faɗi ko ɗaya a hana ta fita. A nan ne sanin gida ke da amfani. Shin manhajar na karɓar sunan Ɗanladi ko Ƙasimu ba tare da ta mayar da harufa masu ƙugiya alamar tambaya ba, alhali tun farkon shekarun 1990 haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suke cikin ƙa'idar Unicode? Shin tana bambanta sifiri da gurbin da ba a cike ba? CSI ɗin da ya rubuta cewa bai ga ƙyanda ko ɗaya ba daban yake da wanda bai aiko rahoto ba sam, kuma manhajar da ta haɗa su biyun tana iya ɓoye annoba. Injiniyan da bai taɓa zuwa Urafan ba ba lalle ne irin waɗannan tambayoyi su faɗo masa ba.

Tagar da na'urori ke magana ta ciki

Manhaja ba ta zama ita kaɗai. Salular ma'aikacin rigakafi, manhajar ma'ajiyar magunguna da allon da darakta ke dubawa duk suna bukatar su ba DHIS2 alƙaluma ko su karɓa daga gare ta. Hanyar da suke bi ita ce masana ke kira API, wato taga irin ta gidan waya ko ta banki: ba a shiga bayan kanta, ana miƙa takarda mai tsari sananne, a karɓi amsa mai tsari sananne. Salon da aka fi bi wajen gina irin wannan taga a intanet, wani masani Ba'amurke, Roy Fielding, ya bayyana shi cikin kundin digirinsa na dakta a shekarar 2000.

A tagar DHIS2, kowane adadi sai ya zo da amsar tambaya uku: mene ne aka ƙirga, a ina, kuma a wane lokaci. Watan Satumba na 2024, alal misali, ana rubuta shi 202409. Wuri kuwa ba da sunansa ake kiran sa ba, da wata lamba ce mai harafi da adadi 11 wadda aka ba shi shi kaɗai. Hikimar a fili take ga duk wanda ya san ƙasar: garin da Bahaushe ke rubutawa Tasawa, takardun gwamnati na rubuta shi Tessaoua, kuma ƙauyukan da sunansu ya fara da Gidan ko Ɗan ba su ƙirguwa, wasunsu ma suna ɗaya suke ci. Iyakoki kansu na sauyawa, kamar yadda aka cire Gazawa daga Agiye ta zama gunduma a 2011. Suna na iya sauya rubutu, lamba kuwa tana nan.

Taga alkawari ce. Duk wanda ya gina manhajarsa bisa ita ya dogara ne ga cewa gobe ma haka za ta amsa. In mai taga ya sauya tsarinta dare ɗaya, daidai yake da a wayi gari an sauya girman tiya a kasuwa ba a yi shela ba: kowa zai ci gaba da awo, kuma lissafin kowa zai zama ƙarya. Saboda haka masu aiki da tsari sukan sa wa taga lambar bugu, su bar tsohuwar a buɗe na wani lokaci bayan sun buɗe sabuwa, su kuma sanar tun da wuri ranar da za a rufe ta. Tun 2023 masu DHIS2 na fitar da babban bugu sau ɗaya a shekara, kuma bugu uku na ƙarshe kaɗai suke yi wa faci. Ma'ana, ƙasar da ta yi shekaru ba ta sabunta ba, za ta wayi gari da manhajar da babu mai toshe mata ɓaraka. Galibin masu tubala kuma suna bin ƙa'idar lamba uku, kamar 2.4.1: in ta ƙarshe ta sauya, gyara ne kawai, in ta tsakiya ce, an yi ƙari amma tsohon alkawari na nan, in ta farko ce, to a yi hattara, an taɓa alkawarin.

Kada ɗan kasuwa ya ɗauka wannan zance na ma'aikatan likita ne kaɗai. Duk lokacin da ya sayi katin waya ko ya biya kuɗin kuran daga cikin salularsa, ko ya aika kuɗin wake da gujiya ta hannun kamfanoni irin su Nita, Al Izza ko Amana, na'urori ne ke magana da juna ta irin wannan taga. A watan Satumba na 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da wani dandali mai suna PI-SPI domin bankuna da kamfanonin kuɗin salula na ƙasashen sefa su riƙa tura wa juna kuɗi nan take, kuma wannan ma ba komai ba ne illa taga guda da kowa ya yarda da tsarinta.

Ga misalin abin da kyakkyawan gini ke tsarewa. Mutum ya tura jikka ɗari, rezo ya yanke kafin amsa ta dawo. Salularsa ba ta san ko kuɗin sun tafi ba, sai ta sake turawa. In tagar ba ta da tsari, kuɗi sun fita sau biyu. Mai tsari kuwa tana bai wa kowane aike lambarsa tun daga salula, in ta ga lamba ɗaya ta dawo sai ta amsa cewa an riga an biya. Haka nan manhajar da za ta yi aiki a karkara dole ta iya riƙe bayani cikin salula har rezo ya dawo, kamar yadda ta DHIS2 ta Android ke yi. Wutar yankin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma jama'a ba su manta da yadda Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 ba. Manhajar da aka gwada a ofis mai sanyi inda kuran da rezo ba sa yankewa, ba a gwada ta ba tukuna.

Wa ke yashe rijiyar?

Buɗaɗɗiyar manhaja kamar rijiyar gari take: kowa na ɗiba, amma ranar yasa ba kowa ke fitowa ba. A watan Afrilu na 2014, da aka gano wata babbar ɓaraka cikin OpenSSL, tubalin da ke tsare sirrin saƙonni a wani babban kaso na shafukan intanet, sai ta bayyana cewa gudummawar da masu kula da shi ke samu ba ta wuce kimanin dalar Amurka 2000 a shekara ba, wato wajen sefa miliyan ɗaya a lokacin. DHIS2 ta fi wannan gata, domin hukumar agaji ta Norwe, UNICEF, Asusun Duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da masassara, da wasu masu ba da tallafi sun daɗe suna zuba kuɗi cikinta. Amma kuɗin tallafi ba gado ba ne. Rufe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya nuna cewa famfon da aka saba da shi shekaru da yawa yana iya ƙafewa cikin ƴan watanni.

Rubutun manhajar dai ba mai iya ƙwace shi, tun da yana hannun kowa. Abin da ke iya ɓacewa shi ne kuɗin hayar babbar na'ura, da albashin wanda ke kula da ita, da ilmin da ke cikin kan mutum ɗaya ko biyu. Akwai cibiyar masana DHIS2 ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a birnin Lome, wadda ke taimaka wa ma'aikatun ƙasashen yankin, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da Jami'ar André Salifou ta Damagaram na yaye matasa masu ilmin kimiyya, kuma tun da rubutun a buɗe yake, babu abin da zai hana ɗalibi ya karanta shi, ya gina shi a kwamfutarsa, ya gyara kuskure ya aika a karɓa. Ƙasar da ƴaƴanta ke cikin masu gyara tana da bakin magana ranar da ake yanke shawarar abin da za a ƙara.

Tambayoyi kafin a sa hannu

Yanzu ofisoshin magajin gari, ƙungiyoyin manoma, kantunan magani da manyan ƴan kasuwa na ba da kwangilar rubuta musu manhajar haraji, ta ajiyar kaya ko ta bashi. Ba sai mai ba da kwangila ya iya rubuta ko layi ɗaya ba kafin ya tsare haƙƙinsa. Ya isa ya yi tambayoyi shida, ya kuma sa a rubuta amsarsu cikin takardar yarjejeniya.

Ta farko: rubutun asali na wane ne bayan an biya, kuma ina aka ajiye shi tare da tarihin duk gyaran da aka yi masa? Ta biyu: ina jerin tubalan aro, da lambar bugun kowane da irin lasisinsa? Ta uku: shin wani injiniya daban zai iya gina manhajar a sabuwar kwamfuta ta bin rubutaccen bayani kawai, ba tare da ya kira ɗan kwangila ba? A gwada wannan a gaban shaidu kafin a biya kason ƙarshe. Ta huɗu: akwai tagar da mai manhaja zai iya fitar da dukan bayanansa ta ciki, cikin tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, in ya so sauya ɗan kwangila? Ta biyar: wa ke bin labarin ɓaraka, cikin kwana nawa zai yi faci, kuma nawa aka ware wa wannan aiki duk shekara? Ta shida: ina ake ajiye kwafin bayanai, yaushe aka gwada mayar da shi, kuma wa ke da izinin gani? Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, kuma sunan majiyyaci ko na mai bashi amana ne a wuyan wanda ya tattara shi, ko da wani ne ya rubuta masa manhajar.

Ɗan kwangila na gari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, hasali ma su ne za su raba shi da masu araha waɗanda ke miƙa aiki su sauya lambar waya. Ma'aikacin da ke tsara kasafi kuma ya kamata ya daina ɗaukar manhaja kamar teburin ofis da ake saye sau ɗaya. Mota ce, tana son mai, tana son makanike, tana son layinta cikin kasafin kowace shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watan Agusta, lokacin da gidajen likitan Tasawa da Mayahi ke cika da yara masu masassara, ba shi ne lokacin neman wanda ya san mabuɗin na'ura ba. Allah ya ba shugabanni da ma'aikata ikon riƙe amana.